Ɗakin Karatu na Jama'a da Tsaron Al'adu a Ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum

1. Gabatarwa

Abin da nake nufi da wannan takarda shi ne in duba irin aikin da ya kamata laburare na jama'a, watau ɗakin karatu wanda kowa ke da ikon shiga, ya yi a wurin da mutane iri iri ke zaune tare, kuma mafi yawan saninsu yana cikin baki da hannu. Na zaɓi ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin Jihar Zamfara domin su zama misali. Maganar da zan kafa guda ɗaya ce. A irin wannan wuri, laburaren da aikinsa ya tsaya ga jera littattafan da aka buga a wata ƙasa ba zai sami jama'a ba. Zai same su ne ran da ya zama ma'ajin abin da su kansu suka sani, na tarihi da waƙa da sana'a, kowace al'umma da harshenta, ya kuma komo musu da abin da aka ɗauka daga wurinsu aka kai nesa.

2. Ƙasar da mutanenta

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna jere ne a kwarin Gulbin Zamfara, Gulbin Ka kuwa yana ratsa kudancin yankin. A ƙidayar 2006 an sami kimanin mutum dubu 142 a Anka, dubu 204 a Gummi, dubu 211 a Bukkuyum, watau fiye da rabin miliyan ke nan idan an haɗa. Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara. Gidan sarautar ya zo nan ne bayan ya daɗe yana ƙaura, tun daga lokacin da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18. Sarkin Gummi ana kiransa Sarkin Mafara, na Bukkuyum kuwa Sarkin Danko. Ko waɗannan sunaye uku kaɗai sun isa su nuna wa mai nazari cewa kowane gari yana da nasa labarin asali, wanda ba lalle ne ya yi daidai da na maƙwabcinsa ba.

Zamfarawa su ne mafi yawa, kuma Hausarsu irin ta yamma ce, 'yar'uwar Sakkwatanci. Akwai Fulani na gida da na daji masu Fillanci. Ta kudu kuma Gummi da Bukkuyum sun yi iyaka da ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, inda Dakarkari suke, masu kiran kansu Lelna, harshensu C'lela, tare da ƙananan al'ummu irin su Gwamfawa da Wurawa, waɗanda harshensu ke ja da baya a gaban Hausa. Masana harsuna suna sa waɗannan cikin rukunin Kainji, ba su da dangantakar asali da Hausa. Kasuwa da aure da ƙodago sun daɗe suna cakuɗa mutanen nan. Saboda haka duk wanda zai buɗe ɗakin karatu a Gummi ko Bukkuyum, ya sani masu shigowa ba harshe ɗaya suka sha a nono ba.

3. Yadda ɗakin karatu ya zo Arewa

Tara littattafai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malamai sun daɗe suna ajiye littattafan rubutun hannu cikin gafaka, almajirai suna ara suna kwafa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, kuma waƙoƙinsa na Fillanci da fassarorinsu na Hausa sun bazu ta wannan hanya ta kwafa da hadda. Amma waɗannan taskoki na gidaje ne, sai wanda mai gida ya yarda da shi ke ganinsu.

Ɗakin karatu na kowa da kowa ya soma ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnatin Turawa ta sa aka buɗe ɗakuna a manyan garuruwa domin mutane su sami labarin yaƙi. Jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, wadda aka fara bugawa a watan Janairu 1939, tana cikin abin da aka fi zuwa karantawa. Bayan yaƙi sai ɗakunan suka zauna a hannun En'e-En'e. A lokacin nan Anka da Gummi da Bukkuyum gundumomi ne ƙarƙashin En'en Sakkwato. A 1952 aka kafa babban laburare na Jihar Arewa a Kaduna, wanda yakan aika da akwatunan littattafai zuwa larduna. A 1953 hukumar UNESCO ta yi taro a Badun a kan yadda za a raya laburaren jama'a a Afirka. A 1963 kuma wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya ba da rahotonsa a kan bukatun Arewa ta wannan fanni, daga baya aka buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968.

Waɗanda suka duba ɗakunan En'e a waɗancan shekaru sun yi ta kukan abu biyu: littattafan galibi na Turanci ne da ba su dace da masu karatu ba, masu tsaron ɗakunan kuwa ba a horar da su ba. Ga shi kuwa a daidai wannan lokaci ne Yaƙi da Jahilci ke fitar da dubban manya waɗanda suka iya karatun Hausa kawai, hukumar NORLA ta Zariya tana buga musu ƙananan littattafai har zuwa 1959. Da aka raba Arewa jiha shida a 1967, sai aka rarraba kayan laburaren Kaduna. Yankinmu ya faɗa Jihar Arewa maso Yamma, sa'an nan Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan Jihar Zamfara a ran 1 ga Oktoba 1996. A kowane rabo babban birni ne ke ɗaukar kaso mai tsoka, garuruwan gefe su jira.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, tun farko an gina ɗakin karatu bisa tunanin cewa ilmi yana tahowa ne daga waje zuwa ga talaka. Ba a tambayi abin da talakan ke da shi wanda ya cancanci a ajiye ba.

4. Abin da aka rubuta ya tafi nesa

Ba wai ba a taɓa nazarin wannan ƙasa ba ne. A farkon shekarun 1950 wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger, ma'aikacin gidan kayan al'adu na birnin Balin, ya zauna a Anka yana tattara bayani daga bakin mutanen ƙasar. A 1959 ya fitar da littafinsa *Geschichte von Zamfara*, watau Tarihin Zamfara. Ya kuma yi rubuce-rubuce a kan ginin tukwane a ƙasar Anka, da wasannin yara maza, da kayan kiɗan Hausawa. Duk da Jamusanci aka yi su. A 1977 Garba Nadama, wanda ya zama gwamnan Sakkwato daga 1981 zuwa 1983, ya gama kundinsa na digiri na uku a Zariya a kan tashin daular Zamfara da faɗuwarta, shi kuma da Turanci. Takardun gundumomi na zamanin Turawa suna gidan adana takardu na Kaduna, wasu rubuce-rubucen hannu suna Gidan Arewa, wasu suna hukumar tarihi ta Sakkwato mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu.

To, mu tsaya mu yi tunani. Jikar matar da ta gina tukunyar da aka kwatanta a waccan takarda tana nan Anka, wataƙila ma ɗaliba ce a makarantar sakandare. Ba ta san an taɓa rubuta sana'ar kakarta ba, ko da ta sani kuwa ba ta da hanyar kaiwa gare shi, ko da ta kai ba ta jin harshen.

Abin bai tsaya ga zamanin da ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega, saboda niƙa duwatsun zinariya da ake yi a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka mutu. An yi rahotanni masu yawa a kan wannan masifa, kusan duka da Turanci, a mujallun likitoci na ƙasashen waje. Iyayen da suka binne 'ya'yansu su ne suka fi kowa bukatar a sami bayanin a rubuce da Hausa, a wurin da 'ya'yan da suka rage za su same shi in sun girma.

5. Ayyuka huɗu

Sanarwar UNESCO a kan laburaren jama'a ta fara fita a 1949. A gyaran da aka yi mata a 1994 an lissafa tallafa wa adabin baka, da sanar da mutane gadonsu, da ƙarfafa fahimtar juna tsakanin al'ummu, cikin ainihin ayyukan laburare. Ga yadda nake ganin za a sauko da wannan magana ƙasa a yankinmu.

*Na farko, komo da abin da ya tafi.* Wannan shi ne mafi sauƙin kuɗi. A nemi hoton duk abin da aka rubuta a kan garuruwan nan uku, a Kaduna da Zariya da Sakkwato da Balin, a ajiye kwafi a kowane gari. Wanda ke cikin baƙon harshe a fassara shi, ko da a taƙaice. Fassara littafin Krieger aiki ne da ya dace da sashen Hausa na jami'a, tare da mai jin Jamusanci.

*Na biyu, ɗaukar murya.* Zamfara ƙasar makaɗa ce. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru sun yi suna a kiɗan fada da kotso, Kassu Zurmi a kiɗan 'yan tauri da kalangu. Waɗannan gidajen rediyo sun ɗauke su, masana irin su Sa'idu Muhammad Gusau sun yi nazarinsu. Amma a bayan kowane mashahuri akwai makaɗan noma da na maƙera da na masunta da na 'yan dambe waɗanda sunansu bai ƙetare gundumarsu ba. Akwai waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, akwai tatsuniyoyi da kacici-kacici, akwai kirarin sarauta da jerin sunayen hakimai da dagatai da ke kan harshen tsofaffi. Fulani suna da waƙoƙin sharo da kirarin shanu da sanin burtali da mashaya. Mutanen iyakar Zuru suna da waƙoƙin Uhola da na golmo, watau noman da saurayi ke yi wa gidan surukai shekara da shekaru. Da can ɗaukar waɗannan sai da rikoda mai nauyi da faifai mai tsada. Yau wayar hannu ta wadatar. Abin da ya rage shi ne tsari da wurin ajiya, kuma shi ne aikin laburare.

*Na uku, nuna sana'a tare da maganarta.* Gidan kayan tarihi yakan ajiye tukunya ya rubuta sunanta a ƙasa. Laburare kuwa abin da ya fi shafarsa shi ne kalmomin da ke tare da tukunyar: sunan yumɓun, da inda ake haƙo shi, da sunan kowane mataki har zuwa gashi. Haka ga ƙira da jima da dukanci da rini da saƙa da sassaƙa. Idan sana'a ta mutu, kalmominta na binta cikin tsara ɗaya. A gayyaci maƙeri ko marini ko magina ranar kasuwa su yi aikinsu a farfajiyar ɗakin karatu, yara suna kallo suna tambaya, ma'aikaci yana rubutawa. Ta haka mutumin da bai iya boko ba zai shigo a matsayin malami, gobe kuma ba zai ji nauyin turo ɗansa ba.

*Na huɗu, kai kaya inda mutane suke.* Matan aure da yawa ba za su zo zauren da maza ke taruwa ba, makiyayi kuma ba zai bar garke ya zo ba. Muna da misali daga gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma naɗa jajiyoyi, watau shugabannin mata, waɗanda ke ɗaukar waƙoƙin koyarwa zuwa ƙauyuka ƙarƙashin tsarin 'Yan Taru. A zamaninmu kuma masu ba da hayar littattafan Hausa sun nuna cewa matan cikin gida suna karatu ƙwarai idan littafi ya iske su. Ranar mata a ɗakin karatu, da ma'aikaciya mace, da akwatin da ke zagaya unguwanni da rugage, su ne za su cika wannan gurbi.

Maƙwabtanmu sun riga mu wani ɓangare na wannan aiki. A Yamai an kafa cibiyar tattara tarihin baka tun 1968, wadda yanzu ake kira CELHTO. Ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma sun soma tun 1986 buɗe ƙananan cibiyoyi a karkara waɗanda suka haɗa aron littattafai da wasanni da taron al'adu a ɗaki ɗaya.

6. Maganar karin harshe

A nan zan ja hankalin abokan aikina musamman. Ɗalibin da aka koya wa daidaitacciyar Hausa, idan aka ba shi murya ya juya ta zuwa rubutu, hannunsa yakan gyara abin da kunnensa ya ji. Tsoho ya ce *sunka tahi*, ya rubuta *suka tafi*. Ya ce *yaz zo*, ya rubuta *ya zo*. Ya ce *gida nai* da *rigas sarki* da *hwari* da *shi na*, ya mai da su *gidansa* da *rigar sarki* da *fari* da *shi ne*. Yana ganin ya kyauta, alhali kuwa ya goge shaidar da mai nazarin harshe ke nema, ya kuma ɓata ma'aunin waƙa, domin *sunka* da *suka* ba nauyinsu ɗaya ba. Ƙa'idojin da Hukumar Harshen Hausa ta soma tsarawa daga 1955 an yi su ne domin littafin makaranta da jarida. Ajiyar tarihi tana bukatar a rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, a nuna tsawon wasali da karin sauti inda hali ya yi, in ana so a sa daidaitacciyar Hausa a gefe.

Haka nan abin da aka faɗa da Fillanci ko C'lela a fara rubuta shi da harshensa, fassarar Hausa ta biyo baya. In aka ajiye fassarar kaɗai, to, laburaren ya taya Hausa haɗiye ƙananan harsuna, ya kuwa saɓa wa dalilin kafa shi. Rubutun ajami ma a ba shi matsayinsa a kundin sunayen littattafai, gama mutane da yawa da ake ƙidayawa cikin jahilai suna karanta shi sarai.

Kowace murya da aka ɗauka ta zo da katinta: sunan mai magana, garinsu, sana'arsa, harshen da ya yi amfani da shi, ranar ɗauka, sunan wanda ya ɗauka, da kuma abin da mai maganar ya yarda a yi da ita. Muryar da ba ta da kati, bayan shekara ashirin ba wanda zai iya dogara da ita.

7. Wahaloli

Ba zan ɓoye cewa akwai tarnaƙi ba. Babba daga ciki shi ne rashin zaman lafiya. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara, ƙauyuka da dama sun watse, garin Anka ya karɓi dubban 'yan gudun hijira. Wani zai ce wanda ke neman abin da zai ci ba ruwansa da tatsuniya. Gaskiya ne ɗakin karatu ba ya tare harsashi. Sai dai ƙauye in ya watse, abin da ke fara ɓata shi ne sanin iyakokin gonaki, da tarihin wanda ya sari dajin, da tsohuwar yarjejeniyar da ke tsakanin manomi da makiyayi a kan burtali. Ranar da aka koma gida, wannan sani ne za a nema wajen sulhu, tsofaffin da ke riƙe da shi kuwa su ne wahalar hijira ta fi saurin ɗaukewa. Don haka aikin na gaggawa ne, kuma dole a ɗauki muryar kowane ɓangare. Ajiyar da ta ƙunshi labarin Hausawa ban da na Fulani, ko na Fulani ban da na Hausawa, za ta zama makami a hannun masu husuma.

Na biyu shi ne tsaron kayan. Gara da ruwa abokan gaban takarda ne, kuma ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta 2024 ta tuna mana haka. Dogara ga intanet kaɗai ma ba shi da tabbas, domin a watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya har tsawon makonni. Dabarar ita ce kwafi uku: ɗaya a garin, ɗaya a Gusau, ɗaya a wata jami'a a wajen jihar.

Na uku shi ne haƙƙi. Waƙar makaɗi abincinsa ce, wani sani kuma na asiri ne, kamar na maƙera da mafarauta da masu magani, ba a faɗinsa a bainar jama'a. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga adabin gargajiya. Tun kafin doka ma, ladabi ya wajabta a nemi izini, a ba mai abu kwafinsa, abin da ya ce a rufe kuwa a rufe.

8. Abin da ya rataya a wuyanmu

Gina ɗaki da biyan ma'aikaci aikin gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomi, fadojin sarakunan nan uku kuma su ne za su buɗe ƙofofin gidajen da ba a shiga sai da sallama. Amma akwai rabon da ya faɗo kanmu mu malamai, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Kowace shekara ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilmi ta Maru, da Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Ɗan Fodiyo ta Sakkwato, suna rubuta kundayen kammala karatu, da yawansu a kan al'adun garuruwansu. Kundin yakan ƙare a kan kanta a ofishin sashe, muryar da aka ɗauka kuwa ta ɓata ran da wayar ta lalace.

Shawarata ita ce sassanmu su mai da shi sharaɗi: duk ɗalibin da ya yi bincike a wani gari, ya miƙa muryar da katinta tare da kundin, ya kuma kai kwafi ɗaya garin da ya ɗebo. Inda babu laburare tukuna, a ajiye a makarantar sakandare ko a fada, har ran da za a gina. Malaman kwalejojin horon malamai kuma su koya wa ɗalibansu yadda ake ɗaukar hira da yadda ake juya ta ba tare da gyara ba, domin su ne za a tura ƙauyukan da mu ba mu kaiwa. In aka yi haka shekara goma, ranar da aka buɗe ɗakin karatu a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, kantar farko da mai shigowa zai tarar ta garinsu ce, da muryar kakanninsa a kai.